Direban da Mma Ta Sani

Mahaifiyata ba ta taɓa shiga motar da ba ta san direbanta ba. Shekara da shekaru ta yi tana fataucin man kaɗanya da doya tsakanin Tamale da Kumasi, kuma duk tasha an san halinta. Mota na iya cika saura mutum ɗaya, 'yan kamasho suna ta ihu, ita kuwa tana zaune a kan buhunta tana tauna goro. Sai ta ga direban da idonta, ta ji ɗan gidan wane ne, ta leƙa ƙwayar idonsa ta ga ko ya sami barci, sannan ta ce a ɗora mata kaya. In bai kwanta mata a rai ba, motar ta tafi ta bar ta, ko a jikinta. Mu 'ya'yanta Mma muke ce mata, kuma mun sha kunya a tashoshin mota saboda wannan hali nata.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Ina ƙarami sunana "kai" ne, ko "wancan". Ƙannena su hau cinyarta su ci a kwanonta, ni sai dai ta miƙo mini nawa tana kallon wani wuri. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Da na shiga aikin sojan sama sai ta sami mafita, ta koma kirana Soja kamar yadda duk unguwarmu ta Sakasaka ke kirana.

Jirgin da na tuƙa ƙarami ne, mai inji ɗaya. Wurin zaman matuƙi bai fi kujerar mai aski faɗi ba. An ɗaure ka tamau, hular kwano a ka, abin shaƙar iska a fuska, hannun dama a kan sandar tuƙi, na hagu a kan totur. Daga tashi har sauka hannuwan nan biyu ba sa barin wurinsu. Akwai 'yan na'urorin taimako, ban ce babu ba. In kana son duba taswira ko ka leƙa ƙasa, kana iya danna wani maɓalli jirgin ya riƙe kansa a miƙe na ɗan lokaci. Amma aron hannu ne kawai, kamar ka ce wa maƙwabci ya riƙe maka igiyar akuya ka gyara takalmi. Ba wanda yake miƙa wa na'ura jirginsa ya zauna yana kallo.

Malamin da ya koya mini tashi darasinsa guda ne: in abu ya lalace a sama, hannu ya riga baki. Akwai matakan gaggawa da muke haddacewa, na wuta a inji, na mutuwar inji, na ƙarewar iskar shaƙa, ko daga barci aka tashe ka sai ka kawo su ba gargada. Yakan ce wanda ya tsaya tunani a can sama, mu a ƙasa za mu ƙarasa masa tunanin a wurin zaman makokinsa. Ba ka da wanda za ka tambaya, don in ka gama koyo kai ne mai hukunci a cikin jirginka. Ba ka da tambayar wane inji ne ya kama wuta, tunda ɗaya ne tal. In komai ya ƙi, akwai wani mariƙi tsakanin cinyoyinka, ka ja shi kujera ta cilla ka waje, lema ta buɗe, jirgi ya je ya faɗi inda Allah ya nufa. Kusan shekara ashirin wannan karatu yana shiga jikina, kuma ina alfahari da shi.

A unguwa kuwa ba wanda abin ya burge. In na zo hutu na zauna a majalisar teloli, sai wani ya ce, "Soja, jiya mun ji ka wuce, ka firgita mana kaji. Wannan jirgi naka ko buhun masara ɗaya ba ya ɗauka, amfanin shi mene ne koraa, gaba ɗaya?" A yi ta dariya, ni ma in yi, amma ta ciki na ciki. Mma ba ta taɓa ce mini komai a kan aikin ba, yabo ko fallasa.

Saura shekara biyu in ajiye kaki, ƙanena da ke bi na ya sami buɗi. Kayan babur yake sayarwa, kuma a garin da mace da namiji kowa na kan babur, wannan sana'a ba ta yaudarar mai ita. Ya ce zai kai Mma Makka. Aka tara mu a tsakar gidanmu na Sakasaka ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya faɗi niyyarsa, kowa ya yi ta sa masa albarka. Lokacin an riga an fara kwasar alhazai daga filin jirgin garinmu kai tsaye, ba sai an yi wahalar zuwa Accra ba. Mma ta bari aka gama addu'a, sannan ta yi tambayar da duk ya kamata mu san za ta yi.

"Wa ke tuƙa jirgin?"

Ƙanena ya ce, "Mma, ba a sanin wannan. Kamfani ne ke kawo direbobin shi. Wani lokaci ma Larabawa ne ko Turawa."

"To ni ban shiga. Mota da ke tafiya a ƙasa ma sai na ga direba, balle abin da ke tafiya a sama, ba wurin da mutum zai ce a sauke shi." Ta gyara zama, ba ta dube ni ba. "Ina da direba a gida. Soja ya kusa aje aiki. In ya koma jirgin mutane, shi zai kai ni."

A nan ne ya kamata in buɗe baki, kuma na san abin da ya kamata in faɗa. Na san jirgin fasinja ba motar haya ba ne da za ka ce yau ni zan ɗauki layin Makka. Na san sai na sake karatu, na sake lasisi, na ci jarrabawar kamfani, in fara daga mataimaki a ƙananan hanyoyi, kuma ko bayan shekaru ba tabbas jirgin alhazai ya faɗo a hannuna. Duk wannan na sani sarai, ita ce ba ta sani ba. Amma ina da shekara arba'in da ɗoriya, ranar ce karo na farko da uwata ta zaɓe ni a bainar jama'a. Daɗin ya rufe mini ido. Na ce, "In sha Allahu, Mma. Ki jira ni."

Ƙanena ya dube ni, na kau da kai. Ya yi mini kara don ni ne babba, amma da muka fito ƙofar gida ya tayar da babur ɗinsa ya tafi ko sallama babu.

Shekara biyun suka wuce, aikin Hajji biyu ke nan. Na ajiye kaki, na koma gidana a unguwar Kaladan, na duƙufa karatu. Karatun bai ba ni wuya ba, kaina na ja. Na sami lasisin, na tura takarduna, wani kamfani ya kira ni gwaji. Can wata ƙasa suka tura mu, don a can akwatin gwajin yake. Wani ƙaton akwati ne a kan ƙafafun ƙarfe, cikinsa ɗakin tuƙi sak na jirgin fasinja, yana karkata yana girgiza, gilashin gaba yana nuna maka titi da gajimare. Mutum biyu ke zama a gaba, mai jarrabawa yana bayanku da nasa allon, shi ke aiko muku da masifa iri-iri yana rubutu.

Tun kafin ranar an koya mana tsarin, kada in yi wa kowa ƙarya. A jirgin fasinja, ana ɗagawa kaɗan sai a miƙa tuƙi ga otofailot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta. Wata na'urar kuma tana kula da totur, ta ƙara ta rage. Aikin matuƙa biyu shi ne su gaya wa na'ura abin da za ta yi, su sa ido su ga ta yi, kuma duk abin da ya canza a allo a faɗe shi da baki don na kusa ya ji. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na lura. Na ji wannan duka, na rubuta, na ci a takarda. A zuciyata kuwa raini ne fal. Ina ganin aikin akawu ne aka sa wa rigar matuƙi, kuma wanda ya yi juyi da jirgi kansa a ƙasa ba za a koya masa zama a kujera ba.

Ni ke tuƙi a zagayen farko. Mun tashi lafiya, na miƙa wa otofailot kamar yadda aka ce. Ba mu yi nisa ba ƙararrawa ta ɗauka, jan fitila ya kama: wuta a injin dama. Wallahi ban san lokacin da na yi abin da na yi ba. Babban yatsana ya danna jan maɓalli ya kashe otofailot, hannun hagu ya ja totur ɗin injin dama, na yanke masa mai, na saki maganin kashe wuta, na karkata jirgi na dawo. Na sauke shi a tsakiyar titi da inji ɗaya, sauka mai laushi da ko ruwa a kofi ba zai zube ba. Abokin zamana, wani mutum mai ƙarancin magana, yana riƙe da littafin matakan gaggawa a buɗe, ko layin farko bai kai ga karantawa ba. Na jingina da kujera ina jiran yabo.

Mai jarrabawar dattijo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Ka iya tuƙi, ban daɗe da ganin hannu irin naka ba. Amma gaya mini, wa ya tabbatar maka injin dama ne ka kashe?"

Na ce, "Ai shi ne. Ka duba."

"Shi ne, yau. Inji biyu ne a nan, kuma an sha kashe mai lafiya a bar mai wuta, mutane masu hannu irin naka ne suka yi. Shi ya sa ake ɗora hannu a tsaya, na kusa ya duba ya ce e, sannan a ja. Na'urar da ka kashe, da ka bar ta, da ta riƙe muku jirgin ku biyu kun yi tunani. Tun da ƙararrawa ta ɗauka ba ka ce da mutumin nan uffan ba. Da ka suma a hanya, bai san inda ka kwana ba." Ya rufe takardarsa. "Mutanen da ke bayanka ba su da kujerar da za ta cilla su waje."

Ya ce in je in dawo bayan wasu watanni, za su ba ni dama ɗaya. Na fito ina tafasa. A raina ina cewa, dubi wanda bai taɓa jin nauyin jikinsa ya ninka wajen shan kwana a sama ba, shi zai kayar da ni don ban yi hira ba. Sai da na kwana biyu kafin na yarda cewa gaskiya ya faɗa, kuma yardar ta fi faɗuwar ciwo. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni kuwa an ɗaure ni a turken nan da lambobin yabo a ƙirji.

Da na dawo Tamale ban gaya wa Mma na faɗi ba. Cewa na yi an ɗaga gwajin. Aikin Hajji na uku ya zo, jiragen alhazai suka riƙa tashi ta kan gari, manya, masu nauyin ƙara, ba irin namu masu tsaga kunne ba. Ƙawayenta biyu na kasuwa suka tafi a shekarar. Da suka dawo ta sa mayafinta ta je yi musu barka, ta dawo da dabino da 'yar kwalbar zamzam a ƙullin zane, ta raba wa jikoki. Amma na lura ta daina tafiya kasuwa da ƙafa, sai an tsayar mata da keke mai ƙafa uku a ƙofar gida, kuma kafin ta hau sai ta huta.

Ƙanena ya same ni a gonarsa ta bayan Kukuo, ranar da na je taya shi duba masara. Wannan karon bai yi mini kara ba.

"Yaya, ka ga ƙafafun Mma kuwa? Sun kumbura paa, sosai. Mma ya tsufa, ba kamar da ba. Ka je ka faɗa ma shi gaskiya, ka ce ya tafi da kowane jirgi. Kai kaɗai zai ji maganarka a kan wannan."

Na ce, "Saura wata huɗu in koma. In na ci, magana ta ƙare."

"In ka ci, gobe za su ba ka jirgin Makka? Ni mai sai da taya ne, amma ba wawa ba ne. Na tambaya, an faɗa mini yadda abin yake."

Na ce masa ya kama bakinsa, ba shi ya haife ni ba. Niyyata ita ce in ci gwajin tukuna, in je mata da rigar kamfani a jikina, sannan in lallaɓa ta in ce ga abokan aikina, na san su, ta shiga nasu. Ina son in je mata da nasara a hannu. Zuwa mata da faɗuwa, in kuma ƙara da cewa alkawarin ma tun farko iska ne, wannan ne na kasa. Girman kai rawanin tsiya, kuma ni na naɗa nawa da hannuna.

Wata huɗun nan na yi su ina yaƙi da hannuna. Na jera kujeru biyu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a gidana, na zana allunan jirgi a jikin kwali na jingina a bango. Kullum bayan la'asar matata ta zauna a kujerar hagu da takardar matakai, ni a dama. Ta buga murfin tukunya da cokali, ƙararrawa ke nan. Ni kuma in danne hannuwana a kan gwiwa in ce, "Wuta a injin dama. Duba ki tabbatar." Ta ce, "Na tabbatar." Sai in miƙa hannu a hankali. Maƙwabta suna leƙe ta kan katanga, na san an ce Soja ya fara taɓuwa. Matata kuwa abin nema ya samu.

"Maigida, shekara nawa ina roƙon Allah ka tambaye ni kafin ka yi abu? Ashe sai wani tsoho ya kayar da kai a akwati. Da na san shi da na aika ma shi da zabi."

Na yi dariya ranar, amma horon da nake wa kaina ba na dariya ba ne. Duk lokacin da hannuna ya motsa kafin bakina, sai mu koma farko. Na maimaita wa kaina dare da rana: kada ka taɓa, bar na'ura ta yi aikinta, yi magana, jira. Na mayar da shi sabuwar haddar da za ta danne tsohuwar. Har a kan babur in na ga rami sai in ji bakina yana so ya sanar kafin in kauce.

A gwaji na biyu abokiyar zamana mace ce, ba ta wuce shekara talatin ba. Makarantar tuƙin jirgi ta yi, ba ta taɓa sa kaki ba, ba ta taɓa juya jirgi kansa a ƙasa ba. Mai jarrabawar shi ne dai dattijon nan. Ya aiko da wuta a inji, na bar otofailot a kunne, na faɗa, ta tabbatar, ta karanta matakai ina amsawa, muka kashe injin tare muka sauka. Ya aiko da wata matsalar, muka bi ta haka. Na ji yana rubutu a baya, kuma na san rubutun alheri ne. Saura zagaye ɗaya, sauka a cikin gajimare, na'ura na bin siginar titi, ni ke da tuƙi.

Muna gangarowa sai na ji wani abu a jikina. Ƙarar inji ta yi ƙasa fiye da yadda ya kamata, hancin jirgi yana ɗagawa a hankali. Kafin idona ya kai ga allo, bayana ya riga ya gaya mini gudu yana zubewa. Dattijon ya kashe na'urar totur ne a ɓoye, otofailot kuma yana ta ɗaga hanci don ya riƙe layin sauka, jirgi yana rasa ƙarfi. Maganin abu ne da ɗalibin wata uku ya sani: tura totur gaba, karɓi jirgi. Hannuna na hagu yana kan totur ɗin ma, yatsuna sun riga sun ƙanƙame shi.

Ban tura ba. Wata murya a kaina ta ce tarko ne, so yake ya ga ko za ka sake fizge jirgi, kada ka taɓa, yi magana, jira. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na tsaya ina bin allo da ido ina neman rubutun da zai ba ni izini.

Ta ce, "Gudu yana raguwa."

Na ce, "Na gani." Na ci gaba da karanta abin da ke allo da baki, tsaf-tsaf, yadda na saba yi wa matata a gindin mangwaro.

"Gudu!" Ta faɗa da ƙarfi. Ba ta jira na uku ba. Ta ce, "Na karɓa," ta ture hannuna, ta tura totur har ƙarshe, ta kashe otofailot, ta fasa saukar ta ɗaga mu sama. Duka abin bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Abin da jikina ya shekara ashirin yana yi ba tare da shawara ba, shi ta yi a gabana, ni kuma ina zaune hannu a cinya.

Da akwatin ya tsaya, dattijon ya sallame ta ya ce in tsaya. Ya tambaye ni ko na ga gudun yana zubewa. Na ce na gani. Ya ce tun yaushe? Na ce tun kafin ta yi magana. Ya dubi takardarsa, sannan ya ce, "Da ka ce mini ba ka gani ba, da ya fi mini sauƙi. Wancan karon ba ka yarda da na'ura ba ko kaɗan. Yau ka bar mata jirgi tana kai ku ƙasa kana kallo. Ba a ce kada ka taɓa ba. An ce ka san lokacin taɓawa, kuma ka faɗa." Babu dama ta uku, kuma a shekaruna ba wani kamfani da zai fara da ni daga tushe.

Na so in tsani dattijon, na so in tsani yarinyar, amma ba inda zan kama su. A soja an koya mini na'ura 'yar aike ce, ka ba ta riƙo ka karɓe. A jirgin fasinja kuma abokiyar aiki ce, ka ba ta aiki, ka tsare ta da ido, in ta kauce ka karɓa nan take. Ni abu biyu kawai na iya, fizgewa da sakewa, kuma kowanne na yi shi a ranar da ba tasa ba. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na sauka Tamale a jirgin fasinja, a kujerar baya kusa da wata mata mai kwandon kifi busasshe. Ban biya gida ba, na wuce Sakasaka da jakata. Rana ta yi sanyi, Mma tana kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Na durƙusa na gaishe ta. Wannan karon ban ce an ɗaga ba.

"Mma, ban ci ba. Wancan karon ma faɗuwa na yi. Ba za su ɗauke ni ba."

Ta ci gaba da ɓara. "Allah ya sa haka ne alheri."

Da na tsaya a nan da ya fi. Amma ina son in gyara komai a zama ɗaya, kuma haushin akwatin nan yana cina, sai na zuba. Na ce ta shirya bana ta tafi, zan je da kaina in sami ƙanena a sa sunanta. Na ce kada ta damu da sanin direba, jiragen yanzu ba kamar motar Kumasi ba ne. Na'ura ce ke tuƙi tun daga tashi har kusan sauka, matuƙi zama yake yana kallo, ko wa aka sa a kujerar duk ɗaya ne. Na san ba gaskiya ba ne, kwana biyu da suka wuce na ga shaida da idona. Na faɗa ne don ta yarda ta tafi, na kuma faɗa don in rage wa kaina zafi.

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Ƙanenka ya kai ni asibiti ranar Talata, kana can. Likita ya duba zuciya, ya duba ƙafa. Ya ce tafiya mai nisa ya ƙare mini. Ya ce da shekara biyu baya ne, da ya sa hannu."

Wata kaza ta zo tana tsintar ɓawon gyaɗa a bakin tabarma, ba wanda ya kore ta.

"Wannan magana na inji da ka faɗa yanzu," in ji ta, "yau ka sani, ko ka sani tun da?"

Ina iya cewa yau. Na riga na yi mata ƙarya biyu, ta uku ba za ta yi mini wuya ba. Amma tana kallona irin kallon da ba a tsallakewa. Na ce, "Na san ba lallai ni zan kai ki ba, Mma. Tun ranar na sani."

"To don me ka ce in jira ka?"

Ta jira amsa, ta jira sosai. Da ta ga ba ta zuwa sai ta jawo farantinta ta ci gaba da ɓara. Na zauna a wurin har aka kira magariba, ta ce in miƙo mata buta, don ba ta iya tashi ta ɗauka da kanta.